Maratayin Darbil da Kunnen Barewa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko a masauki ka buɗe akwatin, ko sai kun hau duwatsun Turkiyyar. Allah Ya tsare ka a sama, Ya tsare ka a ƙasa, Ya kare ka daga sanyin da jikinka bai sani ba, da hannun wanda bai iya riƙon bindiga ba. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi saurin shiga idonka, amma ni abin da ke cikina da Hausa yake fitowa. Inda ka cije, ka yi haƙuri ka sake bi. Karatun a hankali ma ya fi dacewa da maganar.

Ba labarin gida zan cika ka da shi ba, yau ka bar gidan. Magana ɗaya ce bakina ya kasa furta ta a gabanka, shi ya sa na miƙa wa alƙalami. Maganar maratayin darbil ɗinka ce, jakar ƙirjin da za ka riƙa sa madubin hangen nesanka a ciki.

Ka san abin da Abu Fahad ya faɗa a gabana ranar da ya zo daga Ɗa'ifa ya ɗauke ka aikin nan. Ya ce kaka ɗaya ce ta gwaji. Aikinka ka riga baƙinsa hango barewa, ka kai su kusa da ita ba tare da ta sani ba. In ka iya, kai nasa ne duk shekara. In dabba ta gudu saboda kai, a gaban mutanen da suka tsallaka teku don ita, to ya ce ba zai yi maka faɗa ba, amma baɗi wani zai kira. Na ji daɗin mutumin, ba ya kewaye-kewaye. Na dawo gida na ce a raina, ɗana zai tafi farauta, ni kuwa baduku ne ɗan baduku, shekara talatin da ɗoriya ina ɗinkin fata a Makka, ai abin kunya ne ya rataya jakar kanti.

Ka tuna Juma'ar da na ba ka ita, a falonmu na unguwar Shisha, abokan kasuwata sun cika kujeru. Jan fata ce ta gaske, na sa mata zobban tagulla huɗu, zif a baki, sannan murfi mai ƙarangiya, wannan abin mannewar da muke sa wa bel ɗin alhazai. Na ɗaga ta sama na ja murfin, ɓarrrat! Na ce, “Ku ji nan. Duk ɓarawon da zai taɓa darbil ɗin yaron nan, sai unguwa ta ji.” Aka yi dariya, aka yi masha Allah. Kai kuwa ka karɓa da hannu biyu, ka sumbaci kaina, ka ce, “Tislam idak, ya Baba, hannunka ya yi albarka. Allah Ya ƙara girma.” Na ga ka sunkuyar da kai, na ɗauka daɗi ne ya yi maka yawa.

Kwana uku bayan nan, ina shan shayin la'asar, Ummanka ta zauna ta ƙura mini ido.

Ta ce, “Baban Yasir, jakar nan, wa ka ɗinka wa? Yaron ko ɓarayi?”

Na ce, “Wace irin magana ce wannan?”

Ta ce, “Ya mayar da wadda ya yi oda daga Jidda. Ya ce ba zai rataya ta kanti ba ga ta hannun ubansa. Na ce masa, kai, ƙarar abin nan har kicin nake jin ta, famfo na zuba. Ka san me ya ce? Wai Umma, zan riƙa buɗewa a hankali.”

Na ajiye kofin. Yasir, ni ne mai ƙarangiya. Na fi kowa sanin ba ta buɗuwa a hankali. In ka ja ta a hankali, kukan kawai kake tsawaitawa. Ka san haka, ni ma na sani, amma ka zaɓi ka sa aikinka a bakin wuta don kada fuskata ta zube a gaban abokaina. Wallahi ban san na haifi mutum irinka ba sai ran nan. Na yi alfahari da kai har idona ya kawo ruwa, na kuma ji kunyar kaina yadda ban taɓa ji ba tun ina saurayi.

Na ce tun ina saurayi, domin wannan kuskuren ba yau na fara shi ba. Ban taɓa ba ka labarin ba saboda ba na son labarin da ba ni ne gwaninsa ba.

Bayan rasuwar kakanka na bar makaranta a aji uku na sakandare, na zauna kan basilla da wuƙa. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, Kawu Ɗanjimma, maharbi ne da duk ƙauyukan arewacin Gumel suka sani. Ban taɓa ganin mutum mai tafiya irin tasa ba. Zai ratsa gonar da aka girbe, karmami ko'ina, ba za ka ji ko ƙas ba. Yana ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya rarrafa yana ɗan caccakar ƙasa kamar tsuntsun gaske, har barewa ta ci gaba da kiwonta yana jifa ɗaya da ita. Matarsa ta haihu, saura kwana biyu suna, ya ce zai shiga daji ya samo naman da za a ƙara wa baƙi. Na roƙe shi in bi shi. Na kwana ina ɗinka jakar albarushi sabuwa fil, da geza, da zobban tagulla, don ya ga ɗan 'yar'uwarsa ya iya.

Muka fita da asuba. Hantsi bai yi ba muka same su, uku, a gindin aduwa. Shi yana gaba, ni ina baya da jakata, mun fi sa'a muna jan ciki, ƙaya ta gama da gwiwata ban ce uffan ba. Ya riga ya fara ɗaga bindiga. Sai na gyara gwiwar hannu kaɗan. Zobe ya taɓa zobe. Ƙil. Sautin bai kai faɗuwar kwabo a kan tabarma ba. Na ga kunnuwa shida sun miƙe lokaci ɗaya, kafin in haɗiye yawu sai ƙura.

Kawu bai zage ni ba. Da ma zagin ya yi. Ya kwance kan burtun, ya zauna, ya karɓi jakar ya jujjuya ta.

Ya ce, “Kai, ɗinki ya yi kyau. Nawa barewar ta taya?”



Ya ce, “Baduku, ka yi wa kasuwa jaka ka kawo ta daji. A kasuwa kaya ke kiran mutane. A nan duk abin da ya yi kira, sallama ya yi.”

Sannan ya buɗe rigarsa ya nuna mini nasa kayan. Tsohuwar fata ce baƙa, ta sha man kaɗanya har ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Babu ƙarfe ko ɗaya. Inda abu biyu za su haɗu, ya naɗe kowanne da tsumma. Bakin jakar da ɗan ƙullin fata yake rufuwa, ya tura shi da babban yatsa ya buɗe, ya mayar, idonsa na kaina, ban ji komai ba. Da wake da ɗan tsakon zakara aka yi sunan nan, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

To ga nasiha ta farko, ta Kawu ce ba tawa ba. Duk maratayin da za ka zaɓa, yau ko bayan raina, kada ka fara da ido, ka fara da kunne. Ka rufe ido ka girgiza shi kusa da kunnenka. Ƙarfe kada ya haɗu da ƙarfe. Igiyar da ke riƙe darbil da jakar ta zama zare ko fata, ba ƙugiya ba. Sabuwar fata tana kuka, sai ta sha mai ta sha gumi take yin shiru. Duk abin da ke reto, ka ɗaure shi ko ka yanke shi, ko da shi ne ya fi kyau a jikin jakar.

Za ka ce, Baba, mai wannan darasin ya aka yi ya sake? Zan gaya maka, don wannan ya fi na farkon haɗari.

Na shigo garin nan da basilla ɗaya, wuƙa ɗaya, da rigar da ke wuyana. Ba wanda ya ba ni jari, ba wanda ya bar mini gadon rumfa. A bakin wani lungu kusa da Harami nake zama, lungun da yanzu faɗaɗa masallaci ta haɗiye, ina ɗinka bel ɗin da mai harami ke ɗaurawa ya zuba fasfo da guzirinsa. Wata shekara wani tsoho ya zo, an zuge masa zif a cikin ɗawafi bai ji ba. Na kwana ina tunani. Washegari na ɗora wa zif murfi, na sa wa murfin ƙarangiya mafi ƙarfi da na samu, irin wadda in aka ja ta sai na kusa da kai ya waiwayo. Ka san sauran labarin, don na ba ku shi ya fi sau ɗari. Alhazai suka riƙa aiko 'yan'uwansu, “ka je wurin Bahaushen nan mai bel mai ihu.” Da ihun nan na kama shago a unguwar Utaibiyya, da shi na auri Ummanka, da shi na sa ku makaranta. Ban ji kunyar faɗa ba, ni na fara shi a layinmu, sauran duk kwaikwayo suka yi.

Amma ka ga abin da ya jawo. Shekara talatin hannuna yana koyon cewa kaya mai kyau shi ne mai ƙara. Da na zauna ɗinka naka, ban yi tunani ba ko kaɗan, hannun ne ya yi abin da ya saba. Ni kuma da na ji ɓarrrat sai zuciyata ta ce aiki ya yi. Kawu Ɗanjimma na cikin kabari, maganarsa na cikin kaina, amma nasara ta toshe mini kunne.

Ka kiyayi abin da ka fi iyawa, Yasir. Jahilci ba ya cika kayar da mutum, don jahili yakan tambaya. Gwaninta ce ke ɗaukar ka ta kai ka inda ba a buƙatarta, kana tafe kana ƙirji. A kan maratayi kuma, ga abin da na gane. Ban da ƙarangiya ko kaɗan, ko a ƙaramin aljihu. Ban da zif a babban baki. Murfin ya zama na maganaɗisu da aka binne cikin yadi mai kauri, don kada ya ce ɗas in ya haɗu, ko kuwa na igiyar roba da ake maƙalawa. Ya buɗu da hannu ɗaya, ya faɗa gaba ya tsaya a buɗe, ba sai kana kokawa da shi ba dabba na kallonka. Cikinsa ya zama mai laushi kamar bargon jariri, yadda darbil zai fito ya koma ba tare da gogayya ba.

Akwai wani kuskuren da har yau in na tuna nake istigfari. Wata shekara na yi jakunkunan gorar ruwa don ranar Arfa, masu igiya ɗaya siririya ta ratayawa a wuya. Sun yi kyau, sun kuma tafi kamar ƙosai. Bayan an sauko daga Mina wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta nemo ni har shago. Ta ja mayafinta gefe ta nuna mini wuyanta, igiyar ta yanke ta, wurin ya yi ja ya kumbura.

Ta ce, “Ɗan nan, kai ka ɗinka wannan, ko wani maƙiyina ka ba aikin?”

Maimakon in ba ta haƙuri, sai na ce, “Hajiya, ke kika cika mata kaya.”

Ta dube ni ta ce, “Ruwa na sa, ɗan nan. Ko iska ka yi ta dominta?” Ta ajiye jakar a kan teburina ta fita. Ban sake ganinta ba, bare in nemi afuwa. Na rataya jakar da gora cike na yi yini ɗaya da ita a shago, kafin magariba na kasa waiwaye.

Don haka kada ka yarda da maratayin da ke ɗora wa wuya nauyi. Za ku yi tafiya daga asuba zuwa yamma kuna hawan dutse. Nauyin ya hau kafaɗu biyu, igiyoyin su zama masu faɗi, su giciye a tsakiyar baya, wasu biyu su zagayo haƙarƙari. Ya manne a ƙirji kamar goyo. Ka gwada shi kafin ranar farko: ka yi ruku'u da shi, ka yi tsalle, ka ja ciki a ƙasa. In ya yi lilo ya bugi dutse ko bututun bindigar wani, bai yi ba. Ka gwada shi a kan rigar sanyin da za ka sa, ba a kan jallabiya ba. Inda gindin bindiga ke zama a kafaɗa kada a sami maɓalli. In kuma wani ya zo ya ce maka aikinka ya cuce shi, ko ɗan dako ne, ka fara duba wuyansa kafin ka kare kanka.

Saura kuskure ɗaya, kuma kai na yi wa shi. Kana shekara goma sha biyar, muna hawan hanyar Hada za mu Ɗa'ifa, na tsaya don mota ta huce. Ka ɗauki ɗan darbil ɗin nan na roba da ka saya a kasuwar Tandabawi, ka haye kan wani dutse ka zauna. Sauran yara suna jifan birai da ɓawon ayaba, kai ko motsi ba ka yi. Na kira ka ba ka amsa ba. Na ce, “Yalla, ya walad, rana na yi!” Ka ɗago hannu ɗaya kawai, alamar in dakata. Ni, a ɗaga mini hannu? Na danna hon har sau uku. Na ga wani abu launin ƙasa ya yi tsalle daga bayan dutsen can nesa ya ɓace. Ka sauko ka shiga mota, ka ce a hankali, “Barewar dutse ce, Baba. Da ɗanta.” Na ce kallon banza ba ya cika tukunya, gobe ka fito shago.

Na yi shekaru ina ganin shirunka kamar lalaci. Ni mutum ne mai murya, a kasuwa na tashi, inda in ba ka ɗaga murya ba ba ka ci ba. Ban gane cewa abin da nake yabo a wurin Kawu Ɗanjimma, Allah Ya dawo mini da shi cikin gidana ba. Zamanka irin nasa ne. Yadda kake ajiye ƙafa irin nasa ne. Ba ka taɓa ganinsa ba, amma da ya gan ka da ya ce nasa ne. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To ran nan yaro ne ya hango, babba yana cikin mota yana danna hon. Abu Fahad ya ce mini ya fita da kai sau biyu bayan Ɗa'ifa, duka biyun ka riga tsofaffin mutanensa gani. Na ce masa, “Ai jini ne.” Na faɗa da ƙirji kamar ni na koya maka. Ban koya maka komai ba, ya waladi. Haƙuri kawai ka yi da ni.

Za ka haɗu da irina a cikin baƙin nan, manyan mutane masu murya, masu agogon ƙarfe da wayar da ba ta shiru. Kada ka raina su, kada kuma ka ji tsoronsu. Ka gyara musu kayansu tun a masauki, cikin ladabi, kafin a shiga daji, kamar yadda da Kawu ya duba jakata tun a gida da an ci nama a sunan nan. In ka ga ta yi nisa, harbin zai raunata ta kawai ta je ta mutu a wani kwari, ka ce ta yi nisa, ko ran mutum zai ɓaci. In mai goyo ce ko mai ciki, ka sauke darbil ka ce ba ka ga komai da ya halatta ba. Abin da takardar izini ba ta ba ku ba, ba naku ba ne. A ambaci sunan Allah kafin a saki harsashi. Kai ɗan garin da ba a korar tattabara ne, ba a tsinke ƙayarsa. An halatta maka farauta a wajen iyakarsa, amma ka tafi da wannan kunyar a zuciyarka.

Yanzu ga abin da na yi bayan maganar Ummanka. Washegari na bar shago na kama hanyar Jidda ban gaya wa kowa ba. Na nemo kantin kayan farautar, na ce a ba ni irin wanda wani yaro daga Makka ya mayar. Mai kantin ya tambaye ni ko ni maharbi ne. Na ce a'a, baduku ne ya zo ɗaukar karatu. Na zauna da shi kwana biyu a bayan shago ina jujjuyawa. Hannuna na ƙaiƙayi in farke shi in ga cikinsa, na daure. Gaskiya ɗaya ce, duk wanda ya yi shi ya san aikinsa. Ɗinkin a ɓoye yake, yadin kamar gashin mage, ko'ina an yi tunani. Ban san shi ba, ban san ƙasarsu ba, amma na sara masa.

Sai girman kai ya ce, ai kai ma za ka iya. Na ɗauko fata mafi laushi da nake da ita, na ba ta man kaɗanya, na ɗinka na biyu, babu zobe, babu zif, babu ƙarangiya. Sannan na tuna ƙasar sanyi za ka, ni kuwa sanyin da na sani bai wuce na Ɗa'ifa ba. Na san dai abu in ya sha sanyi yakan sandare. Na zo gida na tura su duka biyun cikin firiza, a kan kajin Ummanka. Ta buɗe ta gani ta ce, “La ilaha illallah! Baban Yasir, tsufan ne ya zo ta nan?” Na ce ta bar ni, bincike nake.

Bayan azahar tana zaune tana tsintar shinkafa, ta ba ƙofa baya. Ka san kunnen uwarka, tana jin buɗe murfin kwalbar zuma daga ɗaki na uku. In akwai barewa a Shisha, ita ce. Na cire takalmi, na rataya nawa da sanyinsa, na laɓaɓo har bayanta, na tura ƙullin na ɗaga murfin.

Ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, “Fatar nan taka ta yi kuka.”

Na koma na rataya na kantin. Na zo na buɗe, na zaro darbil ɗinka da na ɗauko a ɗakinka, na mayar, na rufe. Shiru. Na sake. Sau uku. Tana ta tsintarta. Sai da na yi gyaran murya ta zabura har shinkafa ta zube, ta ce, “Kai! Yaushe ka shigo?”

Halas, magana ta ƙare. Alƙali ya yanke hukunci, kuma ba ni aka ba gaskiya ba.

Don haka ka duba ƙarƙashin takardar nan, shi ne a naɗe cikin farin ƙyalle. Na kanti ne, wanda ka zaɓa da kanka tun farko, kuma zaɓinka ya fi nawa. Shi za ka rataya ranar farko da kowace rana. Wannan umarni ne, ba shawara ba. In ka rataya nawa don kunyata, ka saɓa mini. Na biyun da na ɗinka ya zauna a shago a kan ƙusa, inda zan riƙa ganinsa duk lokacin da bakina ya fara yabon kaina.

Aibi ɗaya na samu a jikin naka. A ɗan aljihun gefe akwai wani maɓallin roba da ke cewa ƙas in ya taɓa ɗan'uwansa. Uwarka ba ta ji shi ba, amma ni na ji, don kunnena ya daɗe yana jiran wannan sautin. Na cire shi, na sa ƙullin fata a madadinsa, irin na Kawu, ya sha man kaɗanya. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Shi ne duk rabona a cikin tafiyar nan, kuma ya ishe ni.

Jan nan mai ihu kuwa kada ka jefar. Ka zuba fasfo da igamarka, takardar zaman ƙasa, a ciki in za ka ratsa filin jirgi ko kasuwar Istanbul. A can ihunsa ibada ne, kuma har yau ba a yi wanda ya fi ni iya shi ba. Amma in kun kama hanyar dutse, ka bar shi a masauki, tare da muryar ubanka.

Ran da ka hango ta farko, kada ka yi tunanina, kada ka taɓa waya. Ka zauna yadda ka zauna a kan dutsen Hada. Wannan karon babu mai danna maka hon.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya ba idonka haske, Ya ɗauke sautin ƙafarka, Ya sa Abu Fahad ya kira ka baɗi da baɗin baɗaɗa. Ya jiƙan Kawu Ɗanjimma, Ya yafe mini hakkin tsohuwar Maraɗi, da naka. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata. Ummanka ta ce ka sa safa biyu.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Baduku mai bel, Utaibiyya